Abin da Wuta Ta Gasa

Shekara arba'in ina ginin tukwane a Sundimina,
hannuna kan gane yumɓu kafin ido ya duba.
Sai ga mataunina na hagu ya rarake kamar kogon kuka,
ruwan randa ya zama allura,
koko ma sai na karkata kai.

Indatu, autata, ta sayar da tumaki biyu,
ta sa ni a motar Birnin Kudu.
Likita Sabi'u, yaro sa'ar jikana,
ya ɗora wani farin abu a tafinsa,
bai kai ƙwayar gurjiya ba.
Ya ce, "Iya, hula ce, sunanta zakoniya.
Gasa ta aka yi, a wutar da ta fi taki zafi."

Na ce miƙo.
Na ƙwanƙwasa ta da farce, na kai kunne.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Mai sayen tulu ba ya tambayar mai tulu,
amo yake saurare.

Ya ce tana da ƙarko, ta fi tangaran na da,
za ta yi shekaru tana niƙa mini ƙuli-ƙuli.
Na ce, ɗana, bar yabon.
Faɗa mini ta inda take mutuwa.

Ya ajiye alƙalami.
"Inda ta yi siriri.
Inda aka gurza bayan gashi, ba a goge ba.
Sai kuma bakin da ke cizon haƙora cikin barci."

Ashe sana'armu ɗaya.
Randa ba ta fashewa ta inda ka cika mata yumɓu,
ta leɓe take farawa,
ko ta gindin da ka yi wa rowa ranar da kake sauri.
Tsaga siririya kamar gashin jariri,
ta yi wata shida tana tafiya ba wanda ya gani,
wata safiya ka tarar da ruwanka a ƙasa.
Abin da wuta ta gasa ba ya lanƙwasa,
kuma ba ya sallama ranar tafiya.

Ya hana ni ƙwallon dabino, ya hana ni ƙashi,
ya hana goriba, ya hana ɓalle marfin kwalba.
Goro fa? Ya ce a yayyanka.
Da ya zo kan na ukun sai na yi shiru.
Indatu ce ta tona:
"Tun rasuwar Babanmu take niƙa dare da baki,
ina ji daga ɗakina."
Ya ba ni wata roba, wai in kwana da ita.
Na jefa ta cikin kwalla. Ni akuya ce, da takunkumi?

Damina ta uku, sunan jikar Tasalla,
shinkafa da wake, an zuba mai har yana kwance.
Ƙas!
Har mai raba tuwo ta waiwayo.
Na tofa a tafi: tsakuwa ɗaya,
da wani farin tsingaro kusa da ita.
Zuciyata ta tafi kan tumakin Indatu.

Na aika harshe ya dubo.
Hula na nan, sumul, ko gezau.
Na sama ne ya ɓalle,
wanda Allah Ya ba ni kyauta,
wanda muka yi shekara sittin tare
ban taɓa ƙwanƙwasa shi na saurara ba.

Sabi'u ya haska fitila, ya daɗe yana leƙe.
Ya ce, "Yau dai ba tsaga."
Yau ɗin nan na ji ta sarai.
Haka nake ce wa masu sayen randa.

Yanzu da kaina nake tsince wake a faifai.
Robar ta fito daga kwalla,
in na sa ta, addu'ar barci kan fita da ƙyar.
Da asuba, kafin in taɓa yumɓu,
nakan haɗa muƙamuƙi a hankali, sau biyu,
in saurara.